Yana a Kan Ganye

"Ke ma kina ganinta?"

Inna Mai Keke ta riƙe min wuyan hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ni zanen gadona na shigo ɗauka, iska ta kwaso shi daga igiya ta jefa tsakar gidanta. Ina sunkuyawa kusa da tukwanen furanninta na ga abin, bakina kuwa da ba ya iya shiru ya ce, "Inna, wace irin yana ce wannan ta lulluɓe miki fulawa?" Abin da na faɗa ke nan.

"Ina ganinta mana," na ce. "Ga ta nan tun daga kan toho har ƙasan ganye."

"Taɓa in gani."

Na sa yatsa. Zare ne siriri, ya fi na gizo-gizo laushi, ya manne min a fata. Ta jawo yatsan nawa dab da fuskarta, ta shafa shi da nata. Sai ta zauna a kujerar robarta ta yi dariya har da hawaye. Dariyar ba ta yi min daɗi ba, tausayi ta ba ni.

"Ni na ɗauka a idona take," ta ce. "Tun watan jiya nake ganinta na yi shiru."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita. Tun da aka kawo ni unguwar nan ita ke yi wa rabin matan layin ɗinki, ƙarar kekenta ce ke gaya min na makara zuwa makarantar da nake koyarwa. Yanzu keken yana ɗaki an rufe shi da tsohon labule, amma sunan ya zauna mata. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu da daɗewa. Duk tafiyar da ya yi sai ya dawo da reshen fure a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya dasa a tukunya ko a tsohon bokitin fenti. Iri ɗaya yake so, wanda a littafi ake kira hibiskus, ɗan uwan zoborodo ne amma na ado. Furensa yini ɗaya yake yi, ya buɗe da safe, da yamma ya naɗe kansa, washegari a share shi. Inna ba ta taɓa kiran su da sunan littafi ba, 'ya'yan Direba take cewa.

Dalilin shirunta na sani, domin a gabana aka yi maganar. Ɗanta guda ne, Injiniya, yana zaune can ƙarshen gari a saman wani dogon bene. Bara ta zame a banɗaki, ya zo a gigice, ya ce, "Inna, na bar ki a nan ne saboda kina gani. Ranar da idon nan ya fara yana, zaman ke kaɗai ya ƙare. A yi miki aiki, daga asibiti ki wuce wurina." Ba mugun yaro ba ne, tsoro ne ya ishe shi. Zuciyarta ta daɗe tana ba ta wahala, ƙafafunta kullum a kumbure. Bayan ya tafi ranar ta ce da ni, "Direba daga asibiti bai dawo gidan nan ba. Ni a tsakar gidana nake so a zo a same ni."

Shi ya sa da ta fara ganin fari-fari a kan furanninta ba ta gaya wa kowa ba. Tana kallo ganye ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, ya koma kalar tsatsa, ya zube, furen da bai buɗe ba ya faɗi a rufe, ita kuwa tana cewa a ranta idonta ne ke ƙarya.

Ni ban san komai a kan shuka ba. Maigidana ma cewa yake ko albasa ba ta tsira a hannuna. Na ɗauko waya na zauna a gefenta na shiga nema.

"Me kike dannawa?"

"Magani nake nema a yanar gizo."

"Yana a ganye, yana a ido, yana a waya," ta ce. "Wannan gizon bai bar mana wurin zama ba."

Na tsallaka gida na ɗauko farar takarda cikin ragowar na jarrabawar yara. Na tara ta ƙarƙashin reshe, na bubbuga ganyen da yatsa. Wani abu kamar garin barkono ya zubo. Na tsaya ina kallo, sai ɗigon suka fara tafiya. Na murje ɗaya da babban yatsa, ya bar jan zane a takardar.

"Inna, duba. Masu rai ne, a ƙasan ganye suke zaune suna tsotse shi. Su ke saƙa yanar."

"Na gan su, 'yan banza," ta ce. Idonta yana kan gefen takardar inda babu komai. Na lura, na ce a raina hasken rana ne.

Ta ce Injiniya ya kawo mata gwangwanin maganin sauro, in ɗauko mu feshe su. Na ce a'a, waɗannan ba dangin sauro ba ne, dangin gizo-gizo ne, maganin sai ya kashe ƙwarin da ke cinye su ya bar su suna sheƙe aya. Zafi da bushewa suke so, ruwa ne abin da suka tsana. Ta ce to ai da sauƙi, ruwa dai bai ƙare a famfonta ba.

Muka fara aiki. Na raba tukwanen da suka fi kamuwa na kai su jikin katanga. Ta ba ni babban almakashinta na ɗinki, wanda ko jikokinta ba ta bari su taɓa, na yanke rassan da yana ta cinye, na ɗaure su a leda na fitar waje. Sai tiyo. Ana toshe bakinsa da babban yatsa ruwan ya fita da ƙarfi, a ɗaga kowane ganye a wanke bayansa, domin sama banza ce, ƙasa ne gidansu. Daga nan ruwan sabulu mai sauƙi da ɗan man darbejiya a robar feshi, da sassafe kafin rana ta yi zafi ta ƙone ganyen. Bayan 'yan kwanaki a sake, saboda ƙwansu ba ya jin wankin farko. Kullum kafin in tafi makaranta sai na biya, ina isa aji da jiƙaƙƙen bakin zane. Inna tana zaune a kujerarta tana ba da umarni kamar ita ta karanto.

"Kin tsallake na bayan nan."

"Ban tsallake ba."

"Kin tsallake. Ban ji ƙarar ruwa a kansa ba."

Na duba, na tsallake ɗin. Ta ce malaman zamani ke nan, shi ya sa yara ba su iya ƙidaya ba.

A hankali ganyen suka daina zuba. Sababbi suka fito kore shar, masu sheƙi. Wata safiya babban jan, wanda Direba ya fara dasawa, ya buɗe fure mai faɗin tafin hannu. Na yi murna kamar ni na haife shi. Na kira ta ta zo ta gani, ta zo tana dafa bango, ta tsaya a gabansa ta daɗe.

"'Yar nan," ta ce a hankali, "ga ta can ta dawo."

"Wa?"

"Yanar. Ta rufe furen gaba ɗaya."

Na duba. Na fesa ruwa sama-sama don in akwai zare ya kama ɗigo ya fito. Na ɗaga reshen saitin rana. Na tara takarda na bubbuga har ganye ya kusa tsinkewa. Takardar fara tas, babu abin da ya motsa. Na juyo na kalli Inna sosai, irin kallon da na daɗe ina kauce wa. A tsakiyar baƙin idonta akwai wani fari-fari, kamar an ɗiga madara a shayi ba a juya ba. Duka biyun.

Ni mutum ce mai magana, duk layin nan an sani, har a makaranta shugabanmu kan ce in bari wani ma ya sa baki. Ranar kuwa takardar hannuna kawai na shiga naɗewa. Ita ce ta miƙa hannu ta lalubo ganye, ta shafa bayansa da yatsu biyu, ta koma wani ta shafa.

"Sumul," ta ce. "Mai ƙwarin nan in kin shafa bayansa kamar an barbaɗa gishiri. Wannan sumul yake."

Wata mota ta wuce a layi.

"Ɗauko tiyo," ta ce. "A wanke dai."

Na ɗauko. Na wanke ganyen da ba su da komai, ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, tana zaune tana saurare. Daga ranar ba mu sake maganar ido ba. Ina shigowa za ta ce, "Yaya yanar yau?" in ce, "Da saura, Inna." Ta ce, "To a ci gaba." Ita ta san na sani, ni ma na san ta sani. Kafin in kunna famfo nakan kawar da bokiti daga hanyarta, in mayar da tsintsiya inda hannunta ya saba samunta, in ware mata ƙwayoyin maganinta na safe da na yamma a murfi biyu.

Injiniya ya zo ranar hutu ina tsakiyar feshi. Ya gaishe ni, ya durƙusa ya gaishe ta, ya zauna a bakin baranda yana ta kallon fuskarta. Can ya kama maɓallin hannun rigarsa, wanda na rantse da gangan ya tsinke shi, ya ce, "Inna, ɗan maƙala min wannan."

Ta ce a miƙo mata gwangwanin allura. Ta ciji zaren, ta matse bakinsa tsakanin yatsu biyu har ya kusa ɓacewa, ta ɗora kafar allurar a kai ta danna. Zaren ya shige. Ko kallon hannunta ba ta yi ba, fuskarta na wajensa.

"Ka tashi da wannan ɗinkin aka biya maka makaranta," ta ce, "yau kai ne za ka yi min jarrabawa."

Ya yi dariya, kunya ta kama shi. Ta maƙala maɓallin ta ciji zaren. Da an tsaya nan da shi ke nan. Sai ya miƙe ya nufi babban jan yana yaba furen, ita kuma ta manta, ta ce, "Kauce daga nan, yana za ta ɓata maka riga."

Ya dubi furen. Ya dubi rigarsa. Ya juyo gare ni.

"Malama, akwai yana a nan?"

"Mun sha fama da ita," na ce. "Irin wannan ba ta tafiya gaba ɗaya, ƙwai suke bari."

Babu ƙarya a abin da na faɗa, amma bai karɓa ba. Da zai tafi ya ce in raka shi bakin ƙofa. Ya tsaya yana juya makullin mota a hannu, idonsa ya yi ja.

"Na ga idonta tun ina shigowa," ya ce. "Ni ma ba dutse ba ne, Malama. Na san abin da take so. Amma in ta faɗi a banɗaki ta yini a ƙasa fa? In ta sha na yamma da safe? Ke za ki ɗauki wannan?"

Haushi ya kama ni, don na san gaskiya ya faɗa.

"Ƙarshen wata zan zo in ɗauke ta," ya ce. "Barandata za ta ɗauki tukunya ɗaya. Ta zaɓa."

Bayan kwana kaɗan aka kawo kwalaye aka jingine a zaure. Inna ta lalube su da ƙafa, ta ce a bar su nan, ba su tare wa kowa hanya ba. Tukunya kuwa ta ƙi zaɓa. Ta ce ba a taɓa tambayar uwa wane ɗa za ta ɗauka ta bar saura ba.

A cikin kwanakin nan ne ta fara wata magana da ta hana ni sukuni. Ina wanke ganye ta ce, "Kin san yanar nan ba ta kai munin da na zata ba. Na kusa take rufewa. Na nesa kuwa sai su fito."

"Wane na nesa, Inna?"

"Jiya da yamma na ga Direba. Tsakanin babban jan da mai ruwan goro yake tsaye, kamar mutum a cikin gidan sauro. Yana ɗaga ganye yana duba bayansu."

Na ce wasa take, ta ce ita da wasa da mamaci.

"Ya yi magana?"

"Da ma can ba mai magana ba ne. Amma bai ga laifin aikinki ba, da ya gani da ya yi tsaki."

Na yi dariyar dole. Washegari da na zo, kafin in kunna famfo, na tarar da ganyen babban jan a jiƙe ta ƙasa, ruwa na ɗiga, sauran tukwanen kuwa a bushe. Na tambaye ta ko ita ta wanke. Ta ce ita da ko tiyon ba ta san inda na rataye shi ba. Na ce raɓa ce. Ta ce to, raɓa ce. Raɓa dai a saman ganye take sauka, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani, amma ban ja maganar ba.

Jikinta ya ci gaba da yin ƙasa. Numfashi ya zama aiki, daga ɗaki zuwa kujera sai ta huta a hanya. Na ce in kira Injiniya, ta ce ai yana zuwa, saura kwana nawa ne. Na ce in aiko 'yata ta riƙa kwana da ita, ta yarda da wannan, amma da gari ya waye take korar ta ta tafi makaranta. Ranar ƙarshe da muka yi hira ta ce in tsinko mata furen babban jan. Na sa mata a hannu. Ta shafa shi, ta kai hanci duk da ba shi da ƙamshi.

"Ja ne har yanzu?"

"Ja wur."

"Ni fari nake gani," ta ce. "Amma na yarda da ke. Ba ki taɓa yi min ƙarya ba sai wadda na roƙa."

Ana gobe Injiniya zai zo, na makara. Ina ɗaura ɗankwali a gurguje na fito, sai na ga ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofarta, ya ratsa gaban gidanmu ya gangara kwata. Ruwa mai tsabta, yana tafe da busassun furanni. Na tsaya ina kallonsa. Na san Inna, ko ɗigo ba ta bari famfo ya yi.

Na tura ƙofar. Kwalayen zaure sun jiƙe daga ƙasa. Tana kan kujerarta, ta jawo ta har tsakiyar tukwanen, abin da ban san yadda ta iya ba. Tiyon yana kan cinyarta, babban yatsanta a bakinsa amma ya saki, ruwan yana bin zanenta yana sauka ƙasa. Fuskarta na kallon tsakanin babban jan da mai ruwan goro. Idonta a buɗe, fari, bakinta kamar za ta ce wa wani ya matso.

Na kira ta sau ɗaya. Na je na kashe famfo, na dawo na rufe mata ido. Sannan na zauna a jiƙaƙƙen siminti na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ina kukan ina jin wani abu kamar sauƙi, domin a tsakar gidanta aka same ta.

Aka yi wa Injiniya waya, ya iso kafin azahar. Ya tsaya a kan tukwanen ya daɗe yana kallonsu. Bayan an yi mata sutura, jama'a sun watse, ya kwashe kwalayen ya zuba a mota babu komai a cikinsu. Ya miƙo min makullin gidan.

"Ban iya zaɓa ba ni ma," ya ce. "Ki riƙa ba su ruwa, Malama, har in san abin da zan yi."

Har yanzu bai sani ba, ni kuma ban tambaye shi ba. Da yamma nake shiga in na dawo daga makaranta. Kujerar tana inda take, ban iya ɗage ta ba. Ina share furannin da suka naɗe suka faɗi, in kunna famfo, in bi tukwanen.

Shekaranjiya rana ta yi ƙasa, haskenta ya shigo ta saman katanga, sai na ga zare siriri tsakanin toho biyu na babban jan. Na ƙifta ido, yana nan. Na goge idona da bakin mayafi, yana nan. Na ciro takarda daga jakata na tara, na bubbuga reshen. Fara tas. Na shafa bayan ganyen, sumul.

Na juya wajen kujerar, tambayar da ta yi min ranar farko tana bakina. Fure ɗaya ne a kanta, a naɗe.

Na ɗauko tiyo na toshe bakinsa da yatsa, na ɗaga ganyen na wanke bayansa. Da na kashe famfo tsakar gidan ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga ganye zuwa siminti.